Shafin da Gwaggo Ta Ce In Nuna

Asabar, bayan la'asar

Yau muka tattauna littafin matar tasha, wadda ɗanta ya hau jirgin ƙasa ya tafi, ita kuma take barin ƙofar baya ba sakata ko zai dawo. Ra'ayina bai canza ba. Farkonsa ya yi kyau, tsakiyarsa ta yi tsawo kamar layin asibiti, ƙarshensa kuwa marubucin gajiya ya yi, ya kashe mutum don ya huta. Haka suke yi. In labari ya fi ƙarfinsu sai su aiko da gawa.

Mu biyar ne kamar kullum, a siton bayan kemis, tsakanin kwalayen magani. Lauya ya yi ta zuba har shayinsa ya huce. Malamar Lissafi ta ce ita ba ta yarda a bar ƙofa a buɗe shekara da shekaru ɓarawo ko ɗaya bai leƙo ba. Mai Kemis ya ce shi dai ya ƙagu mu koma littafin gaskiya, ƙagaggen labari yana sa shi barci.

Gwaggo ce ta yi magana ta ƙarshe. Ba zan rubuta wannan yau ba.

Na rako ta gida. A matakala ba ta riƙe hannuna ba, ƙarfen gefe ta riƙe.

Lahadi, da hantsi

Doka ɗaya ce a ƙungiyarmu, kuma Gwaggo ce ta kafa ta tun ina 'yar sakandare ina bin ta da jaka: duk wanda ya ce littafi ya ce kaza, ya nuna shafi. Da dokar nan ta sha kunyata Lauya. Yayar babana ce, kuma a duk danginmu babu mai ƙwaƙwalwa irin tata. Tun da idonta ya dushe ni ce idon. Bangon kicin ɗina shi ne bangon falonta, in ta ji na dawo aiki sai ta ƙwanƙwasa da sanda, wato a zo a kunna Rediyo. Ni ce Rediyon. Ni nake karanta mata, ni nake nuna shafi a madadinta.

Jiya ta ce abin da ya fi taɓa ta shi ne dawowar yaron, yadda ya shigo ta ƙofar baya da takalminsa a hannu don kada ya tashi uwarsa.

Lauya ya ce, "Gwaggo, ai bai dawo ba. Jakarsa aka kawo mata."

Ta yi dariyar da take yi in ta kama mutum. Ta ce, "Yau ma rabi ka karanta ka zo mana, ko? Rediyo, nuna masa shafi."

Na buɗe littafin. Na juya gaba, na juya baya. Ina jin numfashin kowa. Na ce, "Ban gani ba, Gwaggo."

Ba ƙarya na yi ba. Babu shi a ciki.

Litinin, lokacin hutun rana

Na fara littafin da Mai Kemis ya zaɓa, tarihin gishiri. A ƙarƙashin teburin karɓar marasa lafiya nake karantawa, injin likitan haƙori yana ta kuka a ciki. Marubucin ya san abubuwa, wannan ba musu, sai dai duk abin da ya taɓa karantawa a duniya sai ya juye mana a ka. Babi guda a kan raƙuma. Amma akwai hutu a irin wannan littafin, babu wanda za a kashe, babu abin da hannunka zai yi ƙaiƙayin gyarawa.

Yaya ta kira, babbar 'yar Gwaggo, daga garin da take aure. Ashe Malamar Lissafi ta buga mata waya, da kyakkyawar niyya.

Ta ce, "Ke da kike kusa da ita, kin lura da wani abu?"

Na ce, "Kamar me, Yaya?"

"Kin san abin da nake nufi. Haka Kaka ta fara."

A gidanmu in an ce mantuwa, Kaka ake tunawa. Da 'yan labaran da ba su faru ba ta fara, ta ƙare da fita titi da murfin tukunya tana neman gidan uwarta da ta daɗe da rasuwa. Yaya ta ce za ta zo ta kai Gwaggo wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma in abin ne, ba za ta bar ta ita kaɗai a bene ba, tafiya za ta yi da ita.

Na ce, "To, Yaya, Allah ya kawo ki lafiya." Wani mai kumburin kunci yana tsaye a gabana yana jira, sai na fake da shi na kashe wayar.

Talata, da yamma

Ba a ƙwanƙwasa bango ba.

Laraba, da yamma

Ba a ƙwanƙwasa ba. Na daɗe a kicin ina goge abin da ba shi da datti.

Alhamis, kafin magariba

Na shiga da littafin gishiri ba tare da an kira ni ba. Tana zaune a kujerarta ta bakin taga, mayafi a kafaɗa kamar baƙuwa.

Na ce, "Gwaggo, ga Rediyo da labarin raƙuma."

Ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Kada ki ɓata yawunki, ba ya zama."

Na ce kowa yana ruɗewa, Lauya ma sau nawa. Ta girgiza kai. Ta ce ta kwana tana bin abin daki-daki, kuma ta gano inda ya fito. "Takalmin nan ai na Auta ne. Wa yake shigowa da takalmi a hannu in ba shi ba? Ni na ɗauko ɗana na cusa a littafin mutane, ban ma sani ba. Har muryarki nake ji tana karanta min, tar. Kin ga kuwa ai an zo wurin."

Auta ya rasu bara a hanya. Ba ma kiran sunansa a gabanta, ita ma ba ta kira. Yau ne karo na farko da na ji ta ambace shi ba a cikin addu'a ba.

A nan ya kamata in buɗe baki. Wurin a share yake, babu kowa sai ni da ita. Na tashi na wanke mata kofuna biyu, na ce sukarinta ya kusa ƙarewa.

Juma'a, da safe

Tausayi ne. Na rubuta haka na daɗe ina kallonsa.

Na riga ta kai ƙarshen littafin a wurin aiki, na ga baƙon da ya kawo jaka, na ga uwar ta tashi ta sa wa ƙofa sakata. Na ce a raina ba da bakina Gwaggo za ta ji wannan ba. Niyyata in tsallake kawai. Da muka zo wurin sai na sa yatsa a tsakanin shafi, na ɗaga kai, bakina ya ci gaba shi kaɗai, ya dawo da yaron gida.

Amma in tausayi ne zalla, me ya sa na ji daɗi? Na ji daɗi, wallahi. Shekara nawa ina yanka littattafan mutane a siton nan, ana cewa bakina kaifi, ga shi na samu mai sauraro ɗaya na gyara wa marubuci aikinsa. Da ta share ido ta ce, "Wannan marubucin ya san uwa," kaina ya kumbura. Har na yi murmushi, da yake ba ta gani.

Na yi zaton kafin taro zan gaya mata. Sai na ce bayan taro. Ban taɓa kawo dokar a raina ba, ni da nake nuna shafi.

Lahadi, da rana

Yaya ta iso da kwalaye a naɗe a bayan mota. Tun kafin a ga likita.

Ta rungume ni a matakala ta ce, "Ƙanwata, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ke kika riƙe mana ita." Turarenta ya zauna a rigata har yanzu, na kasa cirewa na kasa zama da shi.

Talata, bayan an tashi aiki

Sun je. Yaya ta ce likita ya tambaye ta rana da wata, ya ba ta kalmomi ta riƙe, ya sa ta lissafi da baya. Ta cinye duka, har ta gyara masa wani abu. Ya ce shi bai ga komai ba tukuna, a dawo nan gaba.

Na ji kamar an sauke min dutse. Na ce, "To alhamdu lillahi, sai a mayar da kwalaye."

Yaya ta ce ba ita ba ce yanzu, Gwaggo ce. Wai a gaban likitan ta ce masa, "Kada ka yarda da ni, ɗana. Mai wannan ciwon wayo gare shi." Ta ce gara ta tafi da ƙafarta tun tana gane hanya, ba za ta jira a tsinto ta a titi ba. Ranar Lahadi mai zuwa za su tafi.

Matar da ta shekara talatin a ɗakin nan. Ta san kowace matakala da tafin ƙafarta, ta san kantar littattafanta da yatsa, ko ba ido za ta ce maka na uku daga hagu, mai yagaggen murfi. A gidan Yaya ko banɗaki sai an kai ta.

Laraba, hutun rana

Littafin gishiri, babi na shida. Ya ce mutane sun yi yaƙi a kan abin da yau ake zubarwa. Ban san me ya sa yake maimaita kowace magana sau biyu ba, kamar mai tsoron ba a ji shi ba. Na karanta shafi ɗaya sau huɗu.

Likitan haƙori ya ce na rubuta mutum biyu a lokaci ɗaya. Na ba shi haƙuri. Shi kam ban sha wahalar ba shi haƙuri ba.

Alhamis, da yamma

Na faɗa mata.

Yaya ta fita sayen igiyar ɗaure kaya. Na durƙusa a gaban kujerar, na kama ƙafarta, na ce, "Gwaggo, ni ce. Ba a littafin yake ba, ni na ƙirƙira na karanta miki. Kanki lafiya lau."

Sai ta laluba ta dafa kaina, tana shafawa kamar ina ƙarama.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma ba sai kin yi wa kanki ƙarya saboda ni ba."

Na ce wallahi.

Ta ce, "Kada ki rantse. Ke da ko waƙafi marubuci ya sa ba daidai ba sai kin tsaya kin yi masa faɗa? Ke za ki taɓa littafi? Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Haka muka riƙa yi wa Kaka, muna ce mata mu ne muka ɓoye mata kaya."

Da na faɗa a sito ranar nan, kunya kawai zan ji, Lauya ya yi min dariya wata guda, shi ke nan. Yanzu na kawo gaskiyar ta ƙi karɓuwa. Na fito ina kuka a matakala, maƙwabciyarmu ta ƙasa ta ce in yi haƙuri, rabuwa da tsoho sai haƙuri.

Asabar, bayan la'asar

Taron gishiri. Kujerar Gwaggo tana nan, Mai Kemis ya ɗora mata kwalin auduga don kada a riƙa kallonta. Lauya ya ce marubucin ya ce gishirin teku ya fi na dutse daɗewa a hannun mutane. Bai ce ba, na san bai ce ba. Babu wanda ya ce ya nuna shafi. Ni kuwa da wane baki.

Yaya ta aiko da littattafan Gwaggo a raba mana, wai ita ta ce. Malamar Lissafi ta kasa su kashi huɗu, ta yi adalci har da kauri. A nawa kason littafin matar tasha ne a sama.

Suka tambayi ra'ayina a kan gishiri. Na ce ba laifi. Mai Kemis ya cire tabarau ya dube ni, ya ce tun da yake bai taɓa jin na ce littafi ba laifi ba, ko ya auna min jini.

Gobe ne tafiyar.

Lahadi, da azahar

Bari in rubuta tun yana sabo.

Na shiga da safe. Falon ya zama fili, kantar littattafai ba komai, labule a ninke. Direba yana sauke kwalaye. Gwaggo tana zaune a kan akwati da sandarta a cinya, Yaya tana naɗe wayar fanka.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin da littafin a hannuna. Na ce, "Yaya, ki saurara, ke ce shaida." Na miƙa mata littafin ta riƙe, don ta ga ba karantawa nake ba. Sai na fara, da muryar Rediyo, daga inda na sa yatsa ranar nan. Jirgin ƙarshe ya wuce. Uwar ta kwanta ba ta yi barci ba. Ƙofar baya ta motsa. Ya shigo a rame, da takalminsa a hannu.

Yaya ta ce, "Ke, meye haka? Wannan ai kin ji ta faɗa ne a taro."

Ban kula ta ba. Abin da ya biyo baya Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba, Lauya ya katse ta kafin ta kai nan. Na ce uwar ba ta juyo ba, ba ta yi kuka ba, fuskarta na kallon bango ta ce masa, "Rufe ƙofar, sanyi yana shigowa."

"Sauro."

Gwaggo ce. Ba ta ɗaga kai ba.

"Sauro yana shigowa. Sauro kika ce. Sannan kika yi tari, kika ce ya ajiye takalmin a ƙarƙashin teburi, ɗaya ya kife."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo. Ni na manta."

Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Hannunta ya ƙanƙame sandar. Ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, "Ban ji ƙarar takarda ba. Tun daga jirgin ƙarshe har kika gama, ba ki juya shafi ba. Na lura a lokacin, na ce wannan shafi da tsawo yake."

Yaya ta zauna a ƙasa da wayar fanka a hannu. Direba ya leƙo ya ce saura akwatin. Gwaggo ta ce masa, "Akwatin akwai mai shi a kai. Je ka hawo da abin da ka sauke."

Na ɗauka za ta zage ni, na ma so ta zage ni. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ba ta kuskure ba ko kaɗan.

Ta ce, "Kin ga ina tattara kayana."

Na ce, "Na gani."

"Kin ji na ce wa likita kada ya yarda da ni."

"Na ji."

"Wannan duk zan iya ajiyewa gefe. Amma takalmin ɗana kika ɗauka kika sa a littafin wani, kika karanta min, na gode wa marubucin da bai san shi ba." Ta miƙa hannu, Yaya ta sa mata littafin. "Je ki. Ki ce wa Mai Kemis in ya rufe shago ina nemansa."

Litinin, da yamma

Yaya ta tafi ita kaɗai. Ba ta yi min sallama ba, kuma ban ga laifinta ba. Na kai wa Gwaggo kasona na littattafai, na ajiye a bakin ƙofa. Na ji ta ta bango tana mayar da su cikin kantar, ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai an hargitsa mata tsari.

Laraba, kafin magariba

Mai Kemis ya zo. Ina kicin, ba laɓe na yi ba, bangon ne siriri. Karatunsa kamar yana karanta takardar cikin kwalin magani, ba hawa ba sauka, ga tsayawa a inda babu aya. Sau biyu na ji ta ce, "Koma baya, ka haɗiye layi." Ina jin ƙarar kowane shafi.

Ya kai wurin baƙon da jaka. Ya kai wurin sakata. Ya rufe littafin.

Sai na ji kukanta. Ranar da aka kawo labarin Auta ba ta yi ba, ranar da aka kai shi ba ta yi ba, mutane har suna yaba ƙarfin zuciyarta. Yau ta yi, mai sauti, ta daɗe. Na tsaya da cokali a hannu har abin da ke kan wuta ya kama. Ban shiga ba. Ba a ƙwanƙwasa min ba.

Asabar, da safe

Mun haɗu a matakala, ina hawowa da burodi, tana sauka da sandarta za ta kemis. Wai ta ji labarin abin da Lauya ya faɗa a kan gishirin teku, za ta je a karanta mata wurin da kunnenta.

Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na matsa jikin bango ta wuce. Idonta a kumbure yake, amma tafiyar tata ce, ta da. Ta sauka matakala biyu sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Rediyo."

Na ce, "Na'am, Gwaggo."

"Na marubucin ya fi naki."

Ban ce ta nuna shafi ba.